Farfesa Harry Bolton Seed (1922–1989): Injiniyan da ya Daidaita Mudun Auna Ƙarfin Ƙasa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwanni biyu ya san cewa mudu suna ya tara. Na wannan kasuwa ya fi na waccan zurfi, wata mai awo tana yin tozo, wata kuma tana shafe baki. Saboda haka idan mutum ya ce ya sayo mudu goma na gero, mai hankali zai tambaye shi mudun wace kasuwa. Injiniyoyin da ke auna ƙarfin ƙasa kafin a ɗora mata gini sun daɗe suna fama da irin wannan matsala, sai dai su mudunsu guduma ce, kuma kuskuren awonsu yana iya kai gidaje da madatsun ruwa ƙasa. Wannan maƙala za ta kawo tarihin Farfesa Harry Bolton Seed, ɗaya daga cikin mutanen da suka fi kowa ƙoƙari wajen ganin an daidaita wannan mudu, tare da bayanin abin da ya kai shi ga aikin.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Harry Bolton Seed ranar 19 ga Agusta, 1922, a garin Bolton da ke kusa da Manchesta, a arewa maso yammacin Ingila. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa a Nijeriya sun san sunan garin, domin a ƙungiyar Bolton Wanderers ce Jay-Jay Okocha ya yi wasa daga 2002 zuwa 2006. Shi ma Seed gwanin ƙwallo ne a ƙuruciyarsa, amma da lokacin zaɓi ya zo sai ya ɗauki karatu. Ya shiga Kwalejin King's ta Jami'ar Landan ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya sami digiri na farko a fannin injiniyancin gine-gine a 1944, sannan ya sami digirin digirgir a 1947.

Duk karatunsa na Landan a kan abin da ke bisa ƙasa ne, wato ginshiƙai da katanga da sauran sassan gini. Amma hankalinsa ya karkata ga abin da ke ƙarƙashi, ita kanta ƙasar da ke ɗauke da nauyin. A wancan zamani wannan fanni sabo ne, kuma manyan malamansa biyu suna Jami'ar Harvard ta Amurka: Karl Terzaghi, wanda ake ɗauka a matsayin uban fannin, da Arthur Casagrande. Seed ya tafi can ya zauna a gabansu, ya sami digiri na biyu a 1948. Bayan ya ɗan koyar a Harvard, ya kuma yi aikin tsara harsashin gine-gine a birnin Boston, sai a 1950 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A shekarunsa na farko a Berkeley, bincikensa ya shafi turakun da ake kafawa a ƙarƙashin manyan gine-gine, da yadda ake daddale ƙasa, da shimfiɗar hanyoyin mota. Ya yi suna a waɗannan, har aka ba shi shugabancin sashen injiniyancin gine-gine na jami'ar daga 1965 zuwa 1971. Sai dai abin da ya sa ake tunawa da shi a yau ya faro ne daga wasu masifu biyu da suka auku a shekara guda.

Shekarar 1964

Ranar 27 ga Maris, 1964, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.2 ta auka wa jihar Alaska ta Amurka. A unguwar Turnagain Heights ta birnin Anchorage, ƙasar bakin teku ta zame da gidajen da ke kanta, kimanin 75 suka lalace. Ba a cika wata uku ba, ranar 16 ga Yuni, wata girgizar ta sami birnin Niigata na ƙasar Japan, wanda aka gina a kan yashin bakin kogin Shinano. Abin da aka gani a can ya ba kowa mamaki. A unguwar Kawagishi-cho, benaye masu hawa huɗu na kankare sun karkace, ɗaya ma ya kwanta kusan a kan gefensa, alhali jikin ginin bai farfashe ba. Gini bai gaza ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ta daina ɗaukarsa.

Wannan abu shi ne za mu kira narkewar ƙasa. Bayaninsa ba wuya. Idan aka cika kwano da gero aka girgiza, ƙwayoyin za su matsu, geron ya sauka. Haka yashi maras matsi yake son yi idan ƙasa ta girgiza. To amma idan ruwa ya cika duk 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashin, kuma girgizar ta zo da sauri, ruwan ba ya samun hanyar fita. Sai nauyin da ƙwayoyin ke ɗauke da shi ya koma kan ruwan, su daina dafa juna, ƙasar da ɗazu take da tauri ta zama kamar kunu. Duk yaron da ya taɓa bubbuga ƙafa a kan jiƙaƙƙen yashin bakin rafi har ruwa ya taso ya ga ƙaramin misalin wannan.

Seed ya duƙufa a kan wannan matsala. Shi da ɗalibinsa Kenneth Lee sun sa yashi mai ruwa a cikin na'ura suna matsa shi suna saki, sau da yawa, har ya narke a gabansu, suka buga sakamakon a 1966. Daga nan, a 1971, shi da I. M. Idriss suka fito da wata hanya mai sauƙi da injiniya zai bi ya ƙiyasta ko yashin wani fili zai narke. Hanyar tana gwama abubuwa biyu: irin jijjigar da girgizar da ake tsammani za ta kawo, da kuma irin juriyar da yashin ke da ita.

A wannan shekara ta 1971, ranar 9 ga Fabrairu, girgizar ƙasa ta San Fernando ta zo ta nuna cewa maganar ba ta ɗakin gwaji kaɗai ba ce. Wani babban sashe na madatsar ruwa ta Lower San Fernando, kusa da Los Angeles, ya zame cikin tafkin, abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin madatsar bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Sai da aka kwashe mutane kimanin 80,000 da ke zaune a gangaren. Seed ne ya jagoranci binciken da ya gano cewa yashin cikin madatsar ne ya narke.

Gwajin Guduma

Tambayar da ta rage ita ce yadda za a san juriyar yashin da ke mita goma a ƙarƙashin ƙasa. Yashi ba kamar yumɓu ba ne da za a yanko shi a kawo ɗakin gwaji yadda yake. Da zarar an taɓa shi ya wargaje, matsinsa na asali ya ɓace. Dole a gwada shi a inda yake kwance. Don haka Seed ya dogara ga wani tsohon gwaji da injiniyoyi ke kira SPT a taƙaice, wanda mu za mu kira gwajin guduma.

Ga yadda ake yin sa. Ana haƙa rami siriri kamar na rijiyar burtsatse zuwa zurfin da ake so. Sai a zura wani bututun ƙarfe mai faɗin milimita 51, a ɗaure da sandunan ƙarfe da suka kai har bakin ramin. A saman sandunan akwai mazaunin duka. Ana ɗaga guduma mai nauyin kilo 63.5 zuwa tsayin santimita 76, a sake ta ta faɗo. Ana kora bututun santimita 45 cikin ƙasa, kashi uku, kowane santimita 15. Ba a lissafa dukan kashin farko, domin haƙa ta riga ta dagula ƙasar wurin. Yawan dukan da aka yi a kashi biyun ƙarshe, wato santimita 30, shi ake rubutawa da harafin N. Idan duka biyar ya isa, yashin sako-sako ne. Idan sai an yi arba'in, ya matsu ƙwarai.

Gwajin ya girmi aikin Seed. Tushensa yana komawa ga Kanar Charles Gow, wanda tun 1902 yake kora bututu cikin ƙasa a Boston don ɗebo samfuri. A ƙarshen shekarun 1920 ma'aikatan kamfaninsa, musamman Harry Mohr, suka tsayar da nauyin guduma da tsayin faɗuwarta. Terzaghi ne ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi a 1947, littafin da ya rubuta tare da Ralph Peck a 1948 kuma ya yaɗa shi, sannan hukumar ƙa'idojin gwaji ta Amurka, ASTM, ta mayar da shi ƙa'ida a 1958. Saboda arha da sauƙinsa ya bazu a duniya. Har a Nijeriya, wanda ya ga ana binciken fili kafin a kafa bene ko gada a Legas ko Fatakwal, da wuya a ce bai ji ƙarar wannan guduma ba.

Amfanin gwajin ga Seed shi ne akwai tarin alƙalumansa daga wuraren da girgiza ta riga ta faɗa wa. Injiniyoyin Japan sun yi shi a sassan Niigata da suka narke da waɗanda ba su narke ba. Daga baya an samu ƙarin alƙaluma daga ƙasar Sin bayan girgizar Haicheng ta 1975 da ta Tangshan ta 1976, da Gwatamala a 1976, da Ajantina a 1977, da kuma Japan a 1978. Seed ya riƙa jera su a kan zane guda, yana neman layin da ya raba filayen da suka narke da waɗanda suka tsira. Duk injiniyan da ya auna N a filinsa sai ya duba ta wane gefen layin ya faɗa.

Inda Gizo ke Saƙa

A lissafi, guduma mai kilo 63.5 da ta faɗo daga santimita 76 tana ɗauke da ƙarfin duka na kusan jul 475. Amma wannan sai idan ta faɗo ba abin da ya riƙe ta. A filin aiki ba haka abin yake ba. A Amurka a wancan zamani ana ɗaga gudumar da igiya wadda aka naɗa a jikin wata gangar ƙarfe da inji ke juyawa. Ma'aikaci ya ja igiyar, guduma ta hau, ya sassauta, ta faɗo tana jan igiyar a bayanta. Gogayyar igiya da ganga tana cinye wani kaso na ƙarfin. Idan naɗin igiyar uku ne maimakon biyu, asarar ta ƙaru. Sabuwar igiya mai tauri da tsohuwa mai laushi ba ɗaya ba ne, haka ganga mai tsatsa da mai santsi. Ma'aikacin da ya gaji da la'asar ba lallai ya kai guduma tsayin da ya kai ta da safe ba. Siffar gudumar da girman mazaunin duka su ma suna da nasu tasiri.

A 1979 John Schmertmann da Alejandro Palacios na Jami'ar Florida suka auna ƙarfin da ke shiga sandunan, suka nuna cewa gwargwadon raguwarsa gwargwadon ƙaruwar N. Idan ƙarfin ya ragu da rabi, yawan duka zai ninka. William Kovacs da abokan aikinsa a hukumar ma'aunai ta Amurka suka bi injinan haƙa iri-iri suna aunawa, suka tarar da bambanci mai yawa daga wannan inji zuwa wancan. Ma'ana, ma'aikata biyu za su iya gwada yashi ɗaya, a zurfi ɗaya, su kawo alƙaluma mabambanta, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Wannan binciken ya taɓa zuciyar aikin Seed, domin zanensa ya haɗa alƙaluman Japan da na Sin da na Amurka da na Ajantina kamar da mudu ɗaya aka auna su. Wani malamin da sunansa ya riga ya kafu a kan zanen zai iya kau da kai. Shi kuwa sai ya koma ya binciki tushen alƙaluman nasa. Ya haɗa kai da Kohji Tokimatsu, masani daga Japan wanda ya san yadda ake gwajin a ƙasarsu, da Leslie Harder, da Riley Chung. Sun fitar da rahoto a Berkeley a 1984, aka buga shi a mujallar ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka a 1985.

A cikin aikin sun ƙiyasta kason ƙarfin da kowace irin guduma ke isarwa. Gudumar Amurka mai rufi, wadda mazaunin dukanta ke cikin cikinta, tana isar da kimanin kashi 60 cikin ɗari idan da igiya aka ja ta. Gudumar Amurka mai siffar zobe tana isar da kimanin kashi 45, haka ma ta Ajantina. A Japan, inda ake sakin guduma da maƙata ta faɗo ba igiya a bayanta, kason ya kai 78, mai igiyarsu kuma 67. A Sin, mai faɗuwa a sake tana ba da 60, mai igiya 50.

Maganin da suka kawo mai sauƙi ne. A ɗauki kashi 60 a matsayin mudun kowa, tunda shi ne ya yi daidai da matsakaicin abin da aka saba samu a Amurka, inda aka gina yawancin tsofaffin ƙa'idojin. Duk N da aka samu a fili sai a ninka shi da kason ƙarfin gudumar da aka yi aiki da ita, a raba da 60. Abin da ya fito shi ake kira N60.

Bari mu ɗauki misali. Injiniya ya karɓi rahotanni uku, kowanne ya ce N ya kama 20. Na farko da gudumar zobe mai kashi 45 aka yi shi: 20 sau 45, a raba da 60, ya ba da 15. Na biyu da gudumar Japan mai kashi 78: ya ba da 26. Na uku da gudumar zamani mai sarrafa kanta, a ce mai kashi 90: ya ba da 30. A takarda duk ashirin ne, a ƙasa kuwa fili na uku ya ninka na farko. A zanen Seed na 1985, bayan an ƙara gyara na nauyin ƙasar da ke bisa wurin gwajin, tsabtataccen yashin da ya kai wajen 30 ana ɗaukarsa ya fi ƙarfin narkewa, mai 15 kuwa yana cikin haɗari idan girgiza mai ƙarfi ta zo. Mai karatu zai lura da inda haɗarin ya fi muni: guduma mai rauni tana buƙatar duka da yawa, sai ta sa ƙasa maras ƙarfi ta yi kama da mai ƙarfi. Guduma mai ƙarfi kuma tana rage alƙalami, ta sa a kashe kuɗi a kan harsashin da ya wuce buƙata.

Seed da abokansa sun sake lissafa alƙaluman tsofaffin girgizoji da wannan mudu, suka sake zana layin. Sun kuma ba da shawarar yadda ya kamata a riƙa gwajin, har da yawan duka a minti guda, wato 30 zuwa 40. A 1986 Farfesa Alec Skempton na Kwalejin Imperial ta Landan ya goyi bayan kashi 60, ya tsara gyare-gyaren da suka shafi tsawon sanduna da faɗin rami da irin bututun. A shekarar ce kuma ASTM ta fitar da ƙa'idar auna ƙarfin guduma. A yau ana ɗaura wata guntuwar sanda mai na'urori a ƙarƙashin mazaunin duka, ta auna ƙarfin kowane bugu, maimakon a dogara ga ƙiyasi.

Sauran Ayyukansa da Karramawa

Aikin Seed bai tsaya ga guduma ba. A 1972 shi da Per Schnabel da John Lysmer suka fitar da manhajar kwamfuta mai suna SHAKE, wadda ke lissafa yadda jijjiga ke sauyawa yayin da take ratsa shimfiɗun ƙasa daga dutse zuwa sama. Yana cikin kwamitin masana da ya binciki fashewar madatsar Teton a jihar Idaho a 1976. Ya ba da shawara a kan juriyar babbar madatsar Aswan ta Masar ga girgizar ƙasa. Bayan girgizar 19 ga Satumba, 1985, ya yi nazarin dalilin da ya sa ɓarnar birnin Meziko ta taru a unguwannin da ke kan laka mai laushi ta tsohon tafki.

Ya gabatar da Laccar Terzaghi a Amurka a 1967 da Laccar Rankine a Landan a 1979, waɗanda su ne manyan laccocin girmamawa na fannin. An zaɓe shi cikin Majalisar Injiniyoyi ta Ƙasa ta Amurka a 1970, da Majalisar Masana Kimiyya a 1986. A 1987 Shugaba Ronald Reagan ya ba shi lambar yabo ta ƙasa a fannin kimiyya. Ya yaye ɗalibai masu digirin digirgir kimanin 50, kuma ɗansa Raymond Seed ya gaje shi, ya zama farfesa a wannan fanni a Berkeley.

Rasuwarsa

Farfesa Seed ya rasu ranar 23 ga Afrilu, 1989, a garin Orinda na jihar Kalifoniya, sakamakon ciwon daji, yana da shekara 66. Wata shida bayan haka, ranar 17 ga Oktoba, girgizar Loma Prieta ta auka wa yankin San Francisco, yashin da aka cike bakin teku da shi a unguwar Marina ya narke, a tsallaken ruwa kaɗan daga jami'ar da ya yi shekara 39 yana koyarwa. Ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka ta kafa lambar yabo da sunansa. Tarurrukan masana da aka yi a 1996 da 1998 don sabunta hanyarsa sun yi mata gyare-gyare, amma sun bar N60 a matsayin ginshiƙinta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Seed bai ƙirƙiro gwajin guduma ba, kuma ba shi ne ya fara auna ƙarfinta ba. Abin da ya yi shi ne ya yarda cewa alƙaluman da ya gina sunansa a kansu ba da mudu ɗaya aka auna su ba, ya koma ya gyara, ya kuma ba duniya ma'aunin da kowa zai mayar da nasa gare shi. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a aikin gini rigakafin yana farawa ne daga sahihin awo. Shi ya sa injiniyan da ya san aikinsa, idan aka miƙa masa rahoton binciken fili, kafin ya amince da N ɗin da ke ciki sai ya tambayi irin gudumar da aka yi aiki da ita, da yadda aka sake ta, da kuma ranar da aka auna ƙarfinta na ƙarshe.